Makin Harbin Adaka a Intanet: Kurakuran da Ƙungiyoyin Maharba Suka Fi Yi da Yadda Za a Gyara Su

Duk wanda ya shiga gidan tarihi na Kanta a Argungu ya ga tsoffin bindigogi ajiye tare da masu da kwari da baka, ya san adaka ba baƙuwa ba ce a ƙasar Kabi. Abin da ba kowa ya sani ba shi ne, a wasu ƙasashe harbin bindigar da ake ɗurawa ta baki ya zama wasa mai dokoki da alƙalai. Akwai ƙungiyar duniya da ke kula da shi, MLAIC, wadda aka kafa a 1971, kuma tana fitar da sakamakon gasanninta a intanet. Ƙungiyar maharba da ke gwajin saiti tsakanin 'ya'yanta za ta amfana ƙwarai da ajiye maki a waya da kuma duba na wasu. Amma lamba ba ta da baki. Idan ba a rubuta yadda aka same ta ba, sai ta ɓatar da mai karanta ta.

Kafin komai, a tabbatar akwai izini. Dokar makamai ta Najeriya ta 1959 ta ware bindigogin da ake ɗurawa ta baki a rukuni na musamman, ta kuma ba kwamishinan 'yan sanda na jiha ikon hana riƙe su ba tare da lasisi ba. A halin da Zamfara da wasu sassan Kebbi ke ciki, ba a yin gwaji sai da sanin hukuma da na masarauta.

Gwada makinku da na wanda dokarsa daban

Wannan shi ne uban kurakurai. Mutum zai ga wani ɗan Faransa ko Jamus ya ci 95, shi kuwa ya ci 70, sai gwiwarsa ta yi sanyi, ko ya ce ƙarya ake yi. A dokar MLAIC, ana ba maharbi minti 30 ya yi harbi 13, sannan a zubar da uku mafi muni a ƙirga goma, mafi girman maki 100. Wanda ya yi harbi goma aka ƙirga masa duka bai yi gasa iri ɗaya da wancan ba.

Haka nan bindiga ba ɗaya ba ce. Gasar da ake kira Miquelet ta bindigar soja ce mai ƙanƙara, wadda cikin bututunta sumul yake, ana harbi a tsaye daga mita 50, kuma takardar saitinta ta fi ta sauran girma. Whitworth kuwa daga mita 100 ake yi a kwance, da bindigar da aka yi wa zane a cikin bututu don harsashi ya fita yana juyawa. Adakar da maƙeranmu ke ƙerawa sumul take, don haka Miquelet ce ta fi kusa da ita, ita ma ba daidai-wa-daida ba. MLAIC ma tana raba bindigogin asali na zamanin da da waɗanda aka ƙera yanzu a kan fasalinsu. Sai kuma Amurka, inda ƙungiyar N-SSA ke gasa a jihar Bajiniya: can tawaga ke fasa kasake da fale-falen yumɓu, agogo na tafiya, wanda ya gama da ƙarancin lokaci shi ya ci. Lambarsu daƙiƙoƙi ce, ƙaramar ta fi kyau.

Gyaran shi ne a saman kowane shafi a rubuta abu biyar: nisa da mita, irin bindiga, tsaye ko durƙushe ko kwance, girman takardar saiti, da yawan harbin da aka yi da wanda aka ƙirga. Nisan kuma a auna shi da tef ko igiya mai alama. Takun mutum ba awo ba ne, dogo da gajere ba su kai mita 50 da ƙafa iri ɗaya.

Rubuta jimla kawai

Sakatare ya rubuta "84" a gaban suna ya wuce. A nan ake asarar mafi amfanin bayani. Ɗauki misalin maharba biyu. Na farko ya samu 10, 9, 9, 9, 8, 8, 8, 8, 8, 7, waɗanda aka zubar masa kuma 7, 7, 6 ne. Na biyu ya samu 10, 10, 10, 9, 9, 8, 8, 7, 7, 6, aka zubar masa da 3, 1, 0. Kowannensu 84 gare shi, kuma idan aka yi kunnen doki a gasa na biyun ne zai wuce, saboda ya fi yawan goma. Amma a haɗa duka 13 ɗin: na farko 104, na biyu 88. Na biyu yana da wata matsala da ke jefar masa da harsashi nesa sau uku, kuma ranar da ta faru sau biyar, babu dokar da za ta rufa masa asiri.

Don haka kowane harbi ya samu gurbinsa, 13 a jere, bisa tsarin da aka harba su. Wani ya zauna bayan layi da madubin hangen nesa yana ɗiga alama a ƙaramar takarda bayan kowane harbi. Tsarin yana da amfani domin albarushi na barin datti a bututu. Idan makin mutum kullum daga harbi na takwas yake faɗuwa, a duba dattin bututu da gajiyar hannu. Idan na farko da na biyu ne ke lalacewa, galibi mai ne ya rage a bututu daga wankin da aka yi, ko kuma fargaba.

Zaɓen tawaga da makin rana ɗaya

A gasar tawaga ta MLAIC makin mutum uku ake haɗawa, saboda haka mutum ɗaya ya zube, kowa ya zube. Amma sau da yawa wanda ake tunawa shi ne wanda ya taɓa cin 91. A duba fitarsa shida: 91, 70, 74, 86, 68, 73. Matsakaicinsa 77, tazarar da ke tsakanin mafi kyau da mafi muni 23. Ga wani da ba a taɓa yi masa tafi ba: 78, 80, 81, 79, 82, 80. Matsakaicinsa 80, tazararsa 4. Wannan na biyun ake sawa a tawaga, ko da na farkon ɗan Sarkin Baka ne.

Kada a yanke hukunci da fitar da ba ta kai shida ba, kuma a riƙa amfani da na baya-bayan nan. Makin bara ba ya faɗin halin idon mutum na bana.

Ɗaukar maki a matsayin ƙwarewa

Maharbi na iya tara harsasansa wuri guda kamar tafin hannu, amma duk su sauka can hagu sama, ya tashi da 60. Wani ya warwatsa nasa ko'ina, sa'a ta kai masa biyu tsakiya, ya tashi da 68. Na farko ya fi iya harbi. Abin da ke gabansa gyaran saiti ne na yini ɗaya. Sai an ƙara gurabe biyu a shafi kafin a ga haka: faɗin taron ramuka, wato a auna da rula daga tsakiyar rami zuwa tsakiyar ramin da ya fi nisa da shi, da santimita, da kuma inda tsakiyar taron ta karkata, sama ko ƙasa, dama ko hagu.

A kula da yadda ake karanta layi. A harbin zamani, idan gefen rami ya taɓa layi an ci babban maki. A dokar MLAIC sai tsakiyar ramin ta kai layi. Bambancin ba ƙarami ba ne, domin harsashin irin tsohuwar bindigar sojan Ingila, Brown Bess, ya kusa milimita 18, ramin nan kuwa yana iya taɓa layi alhali tsakiyarsa na waje da kusan santimita guda. Ƙungiya ta zaɓi doka ɗaya ta tsaya a kai.

Mantawa da yanayi

Albarushi na shan laima. Makin watan Agusta a bakin fadamar Argungu ko Yawuri da na Janairu a Gusau, lokacin da iskar hunturu ke kaɗawa hazo ya rufe takarda, ba abu ɗaya suke aunawa ba. A bazara kuma, zafin da ke tashi daga ƙasa kan sa a ga takardar tana rawa. A rubuta sa'a, iska da inda take fitowa, da ko an canza albarushi. Idan kowa ya faɗi da maki shida a rana guda, ranar ce, ba mutanen ba.

Ƙin tashi ma a ba shi gurbinsa, kada a rubuta shi sifili. Bindigar da aka ja kunamarta ba ta tashi ba, ko ta yi jinkiri, laifin ƙanƙara ne ko toshewar kafar wuta ko danshi. Idan ta faru, bakin bindiga ya ci gaba da kallon takardar saiti, a jira, kada a leƙa. Gurbin nan shi zai nuna wace bindiga ce ya kamata ta koma wurin maƙeri.

Kurakuran shafin kansa

A Google Sheets, wato manhajar jadawalin lissafi ta intanet, idan harbi 13 na cikin gurabe D zuwa P, wannan zai fitar da goma mafi kyau: =SUM(D2:P2)-SMALL(D2:P2,1)-SMALL(D2:P2,2)-SMALL(D2:P2,3). Harsashin da ya kuskure takarda dole a rubuta masa 0. In an bar gurbin fanko, shafin zai zubar da uku daga cikin 12, a ƙirga wa mutum tara. Ranar da bai zo ba kuwa akasin haka ne: a bar ta fanko, domin 0 zai ja matsakaicinsa ƙasa ba gaira ba dalili.

Mutum ɗaya kan zama uku idan yau an rubuta Muhammadu, gobe Mamman, jibi laƙabinsa. A ba kowa lamba, a ba kowace bindiga tata. Wannan ya kuma rufe wata ƙofa: sunaye da ƙauyuka da hotunan bindigogi ba abin bazawa a Facebook ba ne a wannan lokaci, kuma shafin a buɗe shi ga 'yan ƙungiya kaɗai, mutum ɗaya ke da ikon gyara, saura su duba. Hoton takardar saiti a ɗauke shi daga gaba sak, da rula a jikinta da kwanan wata a rubuce, a tura shi a WhatsApp a matsayin fayil, domin turawa ta hanyar da aka saba na rage ingancinsa har layukan su dushe. Takardun kansu a ninke su a ajiye a leda, domin ranar da gardama ta tashi kan 8 ne ko 9, su za a ɗauko a sa rula.