Ga masu zama Jamus: idan an gayyace ku gidan giya na ƙauye

'Yan uwa, a yankin Franken na jihar Bavaria, musamman ƙauyukan da ke kewayen Bamberg, ƙaramin gidan da ke dafa giyarsa sau da yawa shi ne kuma gidan abincin garin. Abokan aiki za su ja ku can. Wanda ba ya sha ya san abin da zai nema tun kafin ya zauna.

Kada rubutun alkoholfrei, wato "babu barasa", a jikin kwalbar giya ya ruɗe ku, ana yarda ya ƙunshi barasa har kashi 0.5 cikin ɗari. Ku duba kwalbar da idonku, sai kun ga 0,0%. Radler kuwa giya ce aka gauraya da lemo, don Allah ku kiyaye, zaƙinta na yaudarar baƙo. Apfelschorle, ruwan tuffa da soda, shi ne mafi kwanciyar hankali a ganina, ko Spezi, wato kola da aka gauraya da lemon kwalba mai ɗanɗanon lemu.

Abinci ma ku tambaya. Schäufele kafaɗar alade ce, kuma wasu miyan da giya ake haɗa su. Kifin da suke kira Karpfen ya fi sauƙi, daga Satumba zuwa Afrilu ake samunsa.

Ku riƙe tsabar kuɗi, ba ko'ina ake karɓar kati ba. Ku kuma bincika ranar hutunsu, galibi Litinin ko Talata.