Yadda za ka zana dabba mai tsayuwa irin ta mutum, ta fito daidai

Jama'a masu zana Kura da Dila da ɗan akuya a waya, yawanci matsalar ba a kala take ba, a ƙashi take. Sai ka ga mutum ya zana jikin ɗan Adam cif ya ɗora masa kan akuya, abu ya fito kamar ɗan tashe ya rufa fata, wai shikenan an gama.

Ko manhajar zane ta ibisPaint kake aiki da ita a waya ko ta Krita a kwamfuta, leyar farko (leya ita ce shimfiɗar zane da ake ɗora wata a kan wata) ta sanduna ce kawai, ƙashin baya, ƙugu, ƙafa. Kar ka taɓa gashi tukuna.

Ƙafa ita ce rigimar. Mu mutane muna taka tafin ƙafa gaba ɗaya har dunduniya, kare da mage da kura a kan yatsu suke tafiya, akuya da sa da jaki kuwa a kan kofato, wato can ƙarshen yatsa. To wannan gaɓar da kake gani a ƙafar baya ta lanƙwasa ta baya, wadda yara ke cewa gwiwar akuya a juye take, wallahi ba gwiwa ba ce, dunduniya ce ta ɗaga sama, gwiwar gaskiya tana can sama dab da ciki kuma gaba take kallo irin taka. In ba ka yarda ba leƙa wajen mahauta ranar kasuwa ka ga an feɗe ɗan akuya an rataye, ka bi cinyar da ido. Saboda haka layin ya tafi haka: cinya gaba, ƙwauri baya, sai dogon tafin ya sauko gaba. In za ka tsayar da shi da ƙafa biyu, ƙara wa cinyar kauri, ka ɗan rage tsawon tafin, sannan ka ja layi miƙaƙƙe daga kai zuwa ƙasa, in bai sauka kan kofato ba to gogan naka faɗuwa zai yi.

Ni dai a ganina zaɓi ɗaya ka tsaya a kai, ko ƙafar mutum ko ta dabba. Rabi da rabi shi ke ɓata zane.

Wajen zana kai kuma fara da ƙwallo, ka manna masa akwati a gaba a matsayin baki, yadda in ya juya gefe hancin ba zai lotse ba. Idon akuya a gefen kai yake, ƙwayar kuma a kwance, na kura ya fi kallon gaba. Za ka iya ɗan jawo na akuyar gaba don ya nuna fushi ko dariya, amma kar ya wuce gona da iri. Kuma don Allah in ɗan akuyarka zai yi murmushi kar ka jera masa haƙoran gaba a sama, akuya da saniya ba su da su, dasashi ne mai tauri.

Hannu ka ba shi babban yatsa in dai zai riƙe sanda ko kofin shayi, sauran ka yi su gajeru masu kauri. Kura kuwa bar mata ƙaton wuya da kafaɗa, ƙugu ƙarami, shi ne kamanninta ko da ka sa mata babbar riga.

Wutsiya ci gaban ƙashin baya ce, daga ƙarshensa take fita, ba a liƙa ta a tsakiyar baya. Hula ma ka yi tunanin inda ƙaho da kunne za su bi.

Hoton kwaikwayo ba sai ka ƙona data ba, garke na bayan gida, ko ranar Alhamis a kasuwar dabbobi ta Maigatari ka nemi izinin mai dabba ka ɗauka ta gefe da ta gaba. Sa hoton a leyar ƙasa, ka dusashe shi, ka ja ƙasusuwan a kai, bayan nan ka kashe hoton ka miƙar da dabbar da kanka.