Yadda za ka yi haƙuri irin na masu shuka fure a ƙasar Cek

Mutanen Cek, wata ƙasa a Turai, suna da wani karin magana, Trpělivost růže přináší, wato haƙuri shi ke kawo furen wardi. Mu dai dutse muke dafawa, su kuma fure suke jira, kuma wallahi nasu ya shige ni sosai.

Ka duba yadda suke yi. Wajen Oktoba ko Nuwamba mutum zai dasa itacen, ya tara ƙasa a gindinsa saboda sanyi kar ya kashe shi, dusar ƙanƙara ta rufe komai wata da watanni ba ka ganin komai sai ƙaya, sai an shiga Yuni fure ya buɗe.

To haka za ka yi. In ka tura takardar neman aiki, gama naka, ka daina duba waya kowane minti biyar. Sa ranar da za ka sake tuntuɓa, ko bayan sati biyu. In rai ya ɓaci kar ka maida amsa a daren, bari gari ya waye.

Amma fa ban ce ka naɗe hannu ba, su ma da bazara sai sun kwashe ƙasar da suka tara a gindin itacen sun datse busassun rassa da almakashi.