Babi na 6: Atishawar Kaka da Karatun Kwalin Magani

Darasi na 1

'Yan uwa, ruwa ya ɗauke, an shiga girbin gero da dawa. Daga Oktoba ƙaiƙayin hatsi da ƙurar sussuka ke cika iska, zuwa ƙarshen Nuwamba kuma hazon hunturu ya taso daga Sahara ya rufe Zariya. Sai mutum ya yi ta atishawa a jere, hanci na zubar ruwa, ido na ƙaiƙayi, amma babu zazzaɓi. Jiki ne ke yi wa ƙura bore. Ampiclox ba ya maganin wannan, kada ku ɓata kuɗinku.

Kowa ya ɗauki kwalin da ke gabansa. Sa yatsa a kan babban rubutu: Loratadine, maganin irin wannan atishawar. Sauko da yatsa ƙasa kaɗan. Ka ga 10mg? Wannan 10 ɗin ƙarfin ƙwaya ɗaya ne. Ba ƙwaya goma za ka sha ba. Babban mutum ƙwaya 1 yake sha, sau 1 a rana.

Mu sake. Baba, ɗora yatsanka a kan 10. Ƙwaya nawa? Ɗaya. Madalla, sannu a hankali ake koyo. Hajiya, sau nawa a rana? Sau ɗaya. Rubuta a littafinki: 10mg, ƙarfi. 1, abin sha.

A nan ne ake yawan tuntuɓe, shi ya sa nake nanatawa. Wasunku na gyaɗa kai a aji, su koma gida su ƙara ta biyu da azahar don atishawa ba ta tsaya ba. Haba! Wa ya ce ku ƙara? Ƙwaya 1, sau 1. Yaro da mai juna biyu, sai an tambayi likita tukuna.

Darasi na 2

Juya kwalin, nemi haruffa uku: EXP, wato lokacin da wa'adin maganin zai ƙare. Yawanci lambar farko ta wata ce, ta biyu ta shekara. In lokacin ya wuce, a zubar. Piriton kuwa, wani maganin atishawar, yana sa barci, ɗan acaba ya kiyaye.

Darasi na 3

A yayyafa ruwa kafin shara. A rufe hanci da takunkumi ko mayafi wurin shiƙa. In numfashi ya fara sarƙewa, ƙirji na ƙara kamar fito, a tafi asibitin Gambo Sawaba ko na Shika nan take.