Yadda Za Ka Ziyarci Wurin Bautar Todaiji na Mabiya Buda a Birnin Nara, Ƙasar Japan

1. Daga Kiyoto, hau jirgin ƙasa na Kintetsu zuwa Nara. Tafiyar ba ta kai awa guda ba. Yi sammako, don da hantsi 'yan makaranta kan cika wurin maƙil.

2. Daga tasha, taka da ƙafa ta cikin dandalin bareyi, kamar minti 20. In ka sayi biskit ɗinsu, miƙa musu da sauri. Ba su da kunya ko kaɗan: har takardar hannunka sai su fizge su tauna.

3. A babbar ƙofar Nandaimon, dakata ka dubi dogarawan katako biyu da aka sassaƙa a 1203.

4. Sayi tikiti; gara ka riƙe tsabar kuɗi.

5. Shiga babban zauren, wanda aka sake ginawa a 1709. Mutum-mutumin Buda na tagulla yana zaune, tsayinsa kusan mita 15, an ƙaddamar da shi a 752. Ana ɗaukar hoto, amma sassauta murya, akwai masu ibada. Can baya akwai ginshiƙi mai rami da yara ke kutsawa. Mai tumbi ya haƙura.

6. In da sauran ƙarfi, haura tudu zuwa Nigatsudo, wani zauren ibada na Todaiji. Kyauta ne, kuma daga barandarsa ana hango garin.