Yadda za ka fara koyar da yaran unguwarku kyauta da yamma

Ni tela ne, ba malamin makaranta ba, amma Alhamis da Juma'a da yamma soron gidanmu aji yake zama. Duk wanda ya iya karatu da lissafin kasuwa zai iya wannan aiki, in dai zai jure.

Kafin ka sayi allo da alli, je ka gaida mai unguwa da limamin masallacinku, ka faɗa musu nufinka. Daga nan ka bi gidajen yaran. Uba ba zai sakar maka ɗansa ba, balle 'yarsa, bai san manufarka ba, kuma gaskiyarsa ce. Ka faɗa a fili: ba ko sisi, ƙofa a buɗe take, kowa ya ga dama ya leƙo. 'Yan matan da suka fara tasawa kuwa, a nemo mace ta riƙe su.

Kada lokacinka ya ci karo da Islamiyya, don iyaye ba za su zaɓe ka ba. Shi ya sa na ɗauki Alhamis da Juma'a, ranakun da yawancin Islamiyyu ke hutu, daga bayan la'asar zuwa gab da magariba.

Ranar farko ita ce ginshiƙin komai. Kada ka tambayi yaro aji nawa yake, domin amsar za ta ruɗe ka. Akwai ɗan aji biyar na firamare da zai rera maka darasi tiryan-tiryan da ka, amma ka nuna masa kalma ɗaya a tsakiyar shafi sai ya sunkuyar da kai. Kira su ɗaya-ɗaya, a gefe, inda abokai ba za su yi dariya ba. Miƙa masa ɗan gajeren labari a rubuce da Hausa ya karanta. In ya kasa, sauka zuwa jimla biyu. In ya kasa, kalmomi. In ya kasa, baƙaƙe. Inda ya tsaya nan ne rukuninsa, ko da ya fi kowa tsawo a wurin. Wannan dabara ƙungiyar Pratham ta ƙasar Indiya ce ta yaɗa ta, an kuma yi aiki da ita a makarantun jihar Borno. Abin da ke ci mini rai shi ne yawan yaran da ake yi wa kallon daƙiƙai, alhali ba wanda ya taɓa zama ya gano inda suka maƙale.

Masu baƙaƙe, fara musu da haɗa baƙi da wasali: ba, be, bi, bo, bu, har su hango sunayensu a ciki. Da Hausa za ka fara. Yaron da ya iya karanta harshen da yake tunani da shi, Turanci ba ya yi masa nisa.

Lissafi kuma da tsinken tsintsiya muke yinsa, a ɗaure goma-goma da roba. Idan aka ce a cire 7 daga 32, yaro da hannunsa zai kwance ɗauri ɗaya, sai ya gane abin da ake kira aro. Yarinya mai tallar gyaɗa ta riga ta iya bayar da canji da ka. Aikinka kawai ka nuna mata yadda ake rubuta shi.

Manya masu shirin WAEC, NECO da JAMB za su zo da tsofaffin takardun tambaya. Koyar da darasin da ka ƙware a kai kaɗai, sauran ka nemo musu ɗalibin jami'a ko mai yi wa ƙasa hidima. Tun 2015 JAMB da kwamfuta ake rubuta ta, don haka ka samo ko ta aro ce su saba da ita kafin ranar.

Ajiye bulala. Yaran nan da ƙafarsu suka zo, in ka dake su gobe ba za ka gan su ba. Riƙe littafin kiran suna. Wanda ya yi fashin sati biyu, taka har gidansu ka ji ko lafiya. Idan tafiya ta kama ka, sanar da su tun da wuri, ka bar wani a madadinka, kada su zo su tarar da soro a rufe.