Yadda ake amfani da everybody, anybody da nobody a Turanci ba tare da tuntuɓe ba

Duk lokacin da jarrabawar WAEC, NECO ko JAMB ta gabato, cibiyoyin lesin na Kano, daga Gwale har Tarauni, sukan yi bitar waɗannan kalmomi. Duk da haka sai ɗalibi ya fito ya rubuta everybody are here. Dalilin shi ne an ba shi su a matsayin hadda, ba wanda ya nuna masa cewa Hausarsa ta riga ta yi masa rabin aikin.

Fara da tsara su. Ɗauki takarda ka rubuta some, any, no da every, sannan ka liƙa wa kowacce body, one da thing. Ka sami wakilan suna 12 ke nan. Body da one duk mutum suke nufi, thing kuma abu. No one kaɗai ake rubutawa a rabe, kalma biyu. Aikin minti biyar ne, ba sai ka kashe kuɗi a kan sabon littafi ba.

Mataki na biyu, aikatau. Dukkan goma sha biyun tilo ne, don haka is, was, has da does suke ɗauka, ko aikatau mai s a ƙarshe: everybody is here, nobody knows, something has happened. Dabarar ita ce kada ka taɓa fassara everybody da "duk mutane". Fassara shi da "kowa". Bahaushe cewa yake "kowa ya zo", ba ya cewa "kowa sun zo". Kunnenka zai ƙi ta biyun nan take, to haka kunnen Bature yake ƙin everybody have come. Masu shirya jarrabawa sun san inda ake zamewa, shi ya sa suke cusa jam'i a tsakiya: everyone in the three classes has paid. Kalmar classes tana jan ka zuwa have. Rufe abin da ke tsakiyar da yatsa, karanta everyone da aikataunsa kawai.

Mataki na uku shi ne inda aka fi yin asarar maki, kuma nan ya kamata ka daɗe. Kalmar "kowa" guda ɗaya ce a Hausa, amma Turanci ya raba aikinta gida uku. "Kowa ya zo" shi ne everybody came. "Ban ga kowa ba" shi ne I didn't see anybody. "Ba kowa a gidan" shi ne there is nobody in the house. Haka "komai" yake rabuwa: everything, anything, nothing. Wanda ya haddace cewa komai shi ne everything, zai kai shi ko'ina, kuma ma'ana ta juye ba tare da ya sani ba.

A ce yaron shago ne a Kantin Kwari, an wuni ba ciniki, ko yadi ɗaya bai fita ba. Da yamma ya tura wa mai kayan da ke Legas saƙo ta WhatsApp: I didn't sell everything. Shi a zuciyarsa "ban sayar da komai ba" ya faɗa. Abin da mai kaya ya karanta kuwa shi ne an sayar da wasu dilolin, wasu sun rage, sai ya zauna jiran kuɗi a asusu. Jimlar ba ta da kuskuren nahawu ko ɗaya, shi ya sa ba mai gyara masa. Abin da ya kamata ya rubuta shi ne I didn't sell anything.

Ga yadda za ka tantance kafin ka buɗe baki. Duba jimlar Hausar: akwai korewa a cikinta, wato "ba ... ba" ko "babu"? In babu korewa, galibi every. In akwai, hanya biyu ce, kuma ɗaya tak za ka bi. Ko dai ka kore aikatau da not ka kawo any: I don't know anything. Ko ka bar aikatau yadda yake ka kawo no: I know nothing. Haɗa biyun, I don't know nothing, ana jin sa a waƙoƙi da finafinan Amurka, amma mai makin jarrabawa zai soke shi da jan biro. Ni dai ta farko nake ba masu koyo, don ita ce ta fi yawa a magana ta yau da kullum, kuma tsarinta ya fi kusa da namu.

Sai dai idan kalmar ce ke buɗe jimlar korewa, zaɓi ya ƙare, no ne kawai. "Ba wanda ya zo" shi ne nobody came. Ba a cewa anybody didn't come, ba a kuma cewa nobody didn't come, domin nobody ya riga ya ɗauki korewar a jikinsa. Anybody yana buɗe jimla ne idan ana nufin "ko wane ne": anybody can learn this.

A tambaya any ake sawa: is anybody at home? Amma idan tayi kake yi ko roƙo, some ya fi dacewa. Baƙo ya shigo zaure, za ka ce would you like something to drink? Lura kuma sifa bayan waɗannan kalmomi take zuwa: something cold, nothing new, somebody else. Nan ma Hausa ta taimaka, "wani abu mai sanyi".

Saura 'yar tambayar nan da ake liƙawa kamar wutsiya a ƙarshen jimla, wadda JAMB ke so. Aikatau tilo ne, amma wakilin sunan da ke komawa kan mutum they ne: everybody is here, aren't they? Nobody kuwa tunda korarre ne, wutsiyarsa ba ta ɗaukar not: nobody came, did they? Na thing kuma it suke ɗauka: nothing happened, did it? Saboda wancan they ɗin na mutum ne ake cewa everyone brought their book, kuma daidai ne.

Some of da all of ba sa cikin goma sha biyun, sunan da ya biyo su suke bi: some of the rice is bad, some of the traders are late. Each of kuwa kullum tilo ne.

Don gwaji, rubuta jimloli goma na Hausa masu "kowa" da "komai", biyar da korewa, biyar babu. Juya su Turanci, ka karanta da ƙarfi, sannan ka ja layi ƙarƙashin duk every da ya haɗu da not a jimla ɗaya, ka tambayi kanka ko "wasu kawai" kake nufi.